WINCIN MOTA A ƘASAR RAIRAYI: YADDA AKE AIKI DA SHI DA YADDA AKE KULA DA SHI



Gabatarwa

Wataƙila wasu za su yi mamakin ganin malamin harshe ya tsaya yana magana a kan ƙarfe da igiyar waya. Dalilin kuwa a fili yake. Na'urar da za mu tattauna a kanta, watau winci, takan zo ne da littafin bayani da Turanci, wani lokaci da Jamusanci ko Sinanci, alhali kuwa mutumin da zai kama ƙugiyarta da hannunsa, direba ko yaron mota, da Hausa yake tunani, da ita kuma zai yi wa ɗan'uwansa ihu ya kauce. In bayanin kiyaye rai ya tsaya cikin harshen da mai aikin ba ya ji, to da shi da babu duk ɗaya. Saboda haka manufar wannan lacca ita ce a bayyana mene ne winci, yadda ake lissafin ƙarfinsa, yadda ake ja da shi ba tare da an yi hasarar yatsa ko rai ba, da kuma yadda ake kula da shi. Na zaɓi ƙasar Gumel ta zama abin misali domin a can buƙatarsa ta fi fitowa sarari.

1. Ƙasar da ake magana a kanta

Masarautar Gumel ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu: Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar. Suna arewacin Jihar Jigawa, wadda aka cire daga Jihar Kano ran 27 ga Agusta 1991. Sunan jihar ma ya isa bayani, domin jigawa tudun rairayi ke nan. Kwalta ta haɗa Gumel da Kano da Haɗejiya, ta kuma haɗa ta da Maigatari a bakin iyakar Nijar, inda babbar kasuwar dabbobi ke ci kowace Alhamis. Hanyar jirgin ƙasa ta Kano zuwa Nguru, wadda ta isa Nguru a 1930, ta Gagarawa ta bi, shi ya sa har yau ake da Gagarawa Tasha da Gagarawa Gari.

To, amma aikin gwamnati ba a bakin kwalta yake ƙarewa ba. Malamin gona, da ma'aikacin rigakafi, da mai gyaran rijiyar burtsatse, da malamin zaɓe, da jami'in kwastan, kowannensu yakan saki kwalta ya nufi ƙauyuka da rugagen da ke bayan Jajeri ko Turbus, ko Jeke da Takatsaba, ko Medu da Zarada. A nan mota takan gamu da abokan gaba biyu. Da rani rairayi yakan bushe ya saki, taya ta yi ta juyawa tana haƙa wa kanta kabari. Da damina kuwa, daga Yuni zuwa Satumba, rairayin tudu yakan daddale ya yi daɗin bi, amma kwari da bakin tafki su zama taɓo mai riƙe mota kamar danƙo. Kafewar mota a irin wannan wuri ba ɓata lokaci kaɗai take jawowa ba. Yawancin alluran rigakafi ana son su zauna a sanyin digiri 2 zuwa 8, kuma ƙanƙarar akwatin ba ta jiran kowa. Mai naƙuda da aka ɗauko za a kai Babban Asibitin Gumel ita ma ba ta jira.

A da, maganin kafewa shi ne shebur, da jak, da katako ko karan dawa a ƙarƙashin taya, da kuma ƙartin gari masu turi. Har gobe waɗannan suna da amfani. Winci ƙari ne a kansu, ga wanda ya san shi.

2. Mene ne winci?

Winci na'ura ce mai naɗe igiya a jikin ganga domin ta jawo abu mai nauyi. Dabarar tsohuwa ce ƙwarai, an daɗe ana aiki da ita a jiragen ruwa da ramukan ma'adinai. Igiyar waya da aka fi sanin winci da ita wani injiniyan ma'adinai Bajamushe mai suna Wilhelm Albert ne ya ƙago ta a 1834, domin sarƙoƙin da ake jan kaya da su daga rami suna yawan tsinkewa ba shiri. Tsofaffin Landiroba da motocin soja sukan ɗauki winci wanda injin motar ke juyawa kai tsaye. Na lantarki mai aiki da batir, irin wanda ake ɗaura wa ƙananan motoci, kamfanin Warn na Amurka ya fito da nasa a 1959, daga baya kamfanoni da yawa suka bi sahu. Shi ne irin wanda aka fi gani yau a gaban Land Cruiser da Hilux.

Sassansa da ya kamata kowa ya sani su ne waɗannan. Akwai injin lantarki, ɗan'uwan wanda ke tayar da mota. Akwai giya, wadda ke rage gudun injin ta mai da shi ƙarfi. A yawancinsu sai injin ya juya sau 150 zuwa 260 da wani abu kafin ganga ta juya sau ɗaya. Akwai gangar da igiya ke naɗuwa a kanta, da birki a cikinta mai kama kansa da zarar an ɗaga yatsa daga madanni. Akwai kuloci, watau ɗan hannun da ake murɗawa a saki ganga domin a ja igiya da hannu. Akwai baki, mashigar igiya, wanda kan zo da gare-gare huɗu in igiyar waya ce, ko kuwa sulɓaɓɓen ƙarfen alminiyam in igiyar zare ce. Sa'an nan akwai akwatin makunni, da madanni mai doguwar waya wadda takan kai kusan mita 4, da ƙugiya.

Akwai kuma kayan da winci ba ya cika sai da su: safar hannu ta fata mai kauri, da faffaɗar ɗamara ta ɗaure itace, da kura, watau ƙarfe mai gare a ciki irin wanda ake ratayawa a bakin rijiya, da wani ƙarfe mai siffar kofaton doki mai kusa ta murɗawa, wanda zan kira mari, da bargo ko buhu mai nauyi, da waigi, da shebur. Ofishin da ya sayi winci bai sayi waɗannan ba, rabin kaya ya saya.

3. Lissafin nauyi

Kowane winci yana da lamba a jikinsa, galibi da awon laba. Mai laba 9,500 yana jan kilo 4,300 ke nan, mai laba 12,000 kuwa kilo 5,400 da ɗoriya. Ƙa'idar masu ƙera shi ita ce, ƙarfin winci ya kai nauyin mota da kayanta sau ɗaya da rabi. Alal misali, Land Cruiser da ta cika da mutane da kaya ta kai kilo 3,300 tana buƙatar winci mai jan kilo 4,950, watau mai laba 12,000 ya dace da ita.

Mai tambaya zai ce, me ya sa sai ya fi nauyin motar, tun da ba ɗaga ta za a yi ba? Littattafan sojoji na ceton mota sun ba da amsa. A kan kwalta shimfiɗaɗɗiya, kashi ɗaya cikin 25 na nauyin mota ya isa ya gangara da ita, shi ya sa mutum biyu ke tura ta. A busasshen rairayi ana buƙatar kamar rubu'in nauyinta, watau kilo 825 ga motar misalinmu. In akwai hawa, kowane digiri ɗaya na tudu yana ƙara kashi ɗaya cikin 60 na nauyin, saboda haka jigawa mai hawan digiri 15 ta ƙara wani kilo 825, jimla 1,650. Wannan duk da sauƙi. Amma in taɓo ya haɗiye tayoyi, ana ƙiyasta jan daidai da nauyin motar gaba ɗaya, in kuwa ya rufe su har ya kama jikin motar, sai a ninka biyu, kilo 6,600. Kun ga an wuce ƙarfin wincin.

Abu na biyu shi ne wanda mutane da yawa ba su sani ba. Lambar da aka rubuta ƙarfin winci ne a lokacin da igiya take a naɗi na farko, wanda ke manne da ganga. Duk naɗin da ya hau kan wani yana ƙara wa ganga kauri, ƙarfin ja kuma yana raguwa, kamar yadda ɗaukar bokiti da miƙaƙƙen hannu ya fi wuya bisa ɗaukarsa a jikin ƙirji. A naɗi na huɗu, winci mai kilo 4,300 wajen kilo 3,000 kurum yake ja. Darasin shi ne, a warware igiya da yawa a nemi madogara mai nisa. Sai dai tilas a bar aƙalla zagaye 5 na waya a jikin ganga, ko 10 in igiyar zare ce, domin ɗan ƙusar da ke riƙe da bakin igiya ba ta ɗaukar nauyi, zagayen ne ke riƙewa.

In ja ya fi ƙarfin winci, sai a kawo kura. A ɗaure ta a madogara, a zura igiya ta cikinta, a komo da ƙugiya a maƙala a wurin ja na jikin motar. Yanzu igiya biyu ke ɗauke da nauyin, ƙarfi ya ninka, gudu ya ragu da rabi. A cire kamar kashi 10 cikin 100 saboda gogayya, winci mai kilo 4,300 ya ba da wajen 7,700. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma a tuna, madogara da mari da ɗamara su ne ke ɗauke da wannan ninkakken nauyi, lalle ne lambar da ke jikinsu ta kai.

4. Wuta da zafi

Winci mayunwacin wuta ne. In yana ja da iyakar ƙarfinsa yakan sha ampiya 400 ko fiye. Ƙwan babbar fitilar mota ampiya 5 yake sha, watau kamar an kunna ƙwai 80 ke nan a lokaci guda. Na'urar da ke cajin batir kuwa a yawancin motocin nan ampiya 80 zuwa 100 take bayarwa. Ragowar daga batir take fita. Saboda haka ba a ja da winci sai injin mota yana aiki, an ɗan taka totur, kuma batirin lafiyayye ne. Wanda ya kashe mota ya yi ta ja, zai fita daga rami ya tarar mota ba ta tashi, ga shi a daji.

Wannan wuta zafi take zama a cikin injin winci, wanda ba shi da fanka, ba shi da ruwan sanyaya. An yi shi ne domin gajeren aiki. A ja na rabin minti zuwa minti ɗaya in nauyin ya yi yawa, a tsaya a bar shi ya huce, batir ma ya farfaɗo. In an ɗora hannu a jikin injin an kasa daurewa, hutu ya wajaba. In aka ji ƙararsa ta dusashe, ganga ta daina juyawa, a ɗaga yatsa nan take, domin daƙiƙu kaɗan sun isa su ƙona shi. A ƙasar Gumel, inda zafin Afrilu da Mayu kan haura digiri 40, hutun ya kamata ya fi abin da littafin ƙasar sanyi ya faɗa.

5. Igiya

Igiya iri biyu ce. Ta waya, mai kaurin milimita 8 ko 9 da rabi, tsawonta mita 24 zuwa 30, an tufka ta ne da tufka 7, kowace da sili 19, jimla sili 133. Tana jure gogar dutse da zafi da rana, ga araha. Aibinta shi ne nauyi, da tsatsa, da silin da kan karye ya tsaya kamar ƙaya ya yanki hannu. Babban aibinta kuwa, in ta ɗaure tana ɗan miƙewa tana tara ƙarfi kamar tsirkiyar baka, in ta tsinke sai ta yi bulala da nauyin ƙarfe. Tana iya sare ƙafa, tana iya fasa gilashin mota ta sami direba.

Ta zare kuwa, wadda aka fi sani da sunan Dyneema, wani kamfanin Holan mai suna DSM ne ya fito da zarenta. Ba ta da nauyi, har a kan ruwa takan yi iyo, kuma in ta tsinke ɓarnarta ba ta kai ta waya ba, ko da yake ƙugiyar da ke bakinta ƙarfe ce. Sai dai tana da abokan gaba uku waɗanda duk 'yan gida ne a Maigatari: rana mai cin zare, da rairayi mai shiga tsakanin sili yana yanka daga ciki, da zafi. Ƙarfinta yakan fara raguwa tun zafi bai kai na tafasar ruwa ba, tana kuma narkewa a wajen digiri 150. Birkin da ke cikin ganga yana zafafa ta in aka daɗe ana sakin igiya da inji alhali da nauyi a kanta. Wanda ya zaɓi ta zare sai ya rufe ta daga rana, ya riƙa wanke ta.

Ga wani abu da ya kamata ya tsaya a ran kowa. Sabuwar waya mai milimita 8 tana tsinkewa ne a wajen kilo 4,400 zuwa 4,500, alhali wincin da aka naɗa ta a kai yana jan 4,300. Tazarar 'yar kaɗan ce. Igiyar na'urar ɗaga kaya sama kuwa akan so ƙarfinta ya ninka nauyin kayan sau 5. Wannan shi ya sa wincin mota na ja ne kawai. Ba a ɗaga kaya sama da shi, ba a kuma rataya mutum. A ƙasar da rijiyoyi ke da zurfi har ana jan guga da shanu da raƙuma, wata rana wani zai ce a zura mai yasar rijiya da wincin motar ofis. Amsa ita ce a'a, ko wane ne ya roƙa.

6. Madogara

Winci ba ya ja sai da abin da zai kama. Mafi kyau ita ce wata motar, a tsaye a wuri mai tauri, an ja birkin hannu, an sa waigi, direba yana ciki ya taka birki. A ɗaura a wurin ja wanda ke haɗe da shasi. Kada a ɗaura a bamba, ko a ƙarfen sitiyari, ko a dunƙulen ƙarfen nan na jan tirela da ke bayan wasu motoci, domin yakan karye ya tashi kamar harsashi.

In itace ne, a nemi rayayye mai kauri, kamar gawo ko tsamiya ko babbar aduwa, a zagaya shi da ɗamara can ƙasa kusa da gindi, a haɗa bakunanta biyu da mari, a maƙala ƙugiya a marin. A murɗa kusar mari ta kai ƙarshe, sa'an nan a ɗan sassauta ta kaɗan domin kada ta cije. Kada a zagaya itace da wayar kanta a maƙale ƙugiya a jikinta. Yin haka yana karya wayar, yana kuma yanke ɓawon itacen, ta inda abincinsa ke bi, bayan 'yan watanni ya bushe. Jigawa tana cikin jihohi 11 da ke fuskantar hamada waɗanda Hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa, da aka kafa da doka a 2015, take aiki a cikinsu. Abin kunya ne motar gwamnati ta kashe itacen da gwamnati ta dasa. Ƙananan darbejiya da turare na shingen iska ba madogara ba ne, haka nan falwayar lantarki.

In babu mota babu itace, sai a koma ga safaya. A auna nisa a gaban motar, a haƙa rami mai zurfin kamar mita ɗaya, a ɗaura ɗamara a tsakiyar tayar, a sa ta a ramin, a yanka siririn lambatu inda ɗamarar za ta fito ta fuskanci mota ba tare da ta ɗago tayar sama ba, a mai da ƙasa a tattake. Aiki ne mai gumi, amma yana fitar da mota.

7. Yadda ake ja

Da fari, da zarar an ji mota ta fara nutsewa a ɗaga ƙafa daga totur. A fito a duba. A rage iskar taya zuwa kamar 18 ko 20 a gejin mai faci, a kwashe rairayin da ke gaban tayoyi da ƙarƙashin mota, a sauke fasinja da kaya masu nauyi. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa, in bai isa ba ma ya rage wa winci rabin wahala.

Na biyu, a naɗa mutum ɗaya ya zama mai ba da umarni, shi kaɗai ke cewa a ja ko a tsaya, a kuma yarda da alamun hannu tun kafin a fara, domin ƙarar inji tana haɗiye murya. Ba girman muƙami ke ba da wannan matsayi ba, sanin aikin ne. In direba ne ya sani, to darakta ma sai ya koma gefe.

Na uku, a sa safar hannu, a saki kuloci, a ja igiya da hannu zuwa madogara, a ɗaura. A komo a mai da kuloci ya shiga sosai, sa'an nan a haɗa madanni. A ɗan ja har igiya ta miƙe, a tsaya a sake duba kowane maɗauri. A yafa bargo ko buhu a tsakiyar igiyar, domin in ta tsinke nauyinsa ya kai ta ƙasa.

Na huɗu, a kori jama'a. Wannan ya fi kome wuya a ƙauye, inda kafewar mota kallo ce ga yara. Kowa ya ja baya nisan da ya kai tsawon igiyar sau ɗaya da rabi, kuma ta gefe. Kada kowa ya tsaya a gaban mota ko a bayan madogara, ko a bayan mota in a kan tudu take. In an karkata igiya da kura, cikin kusurwar nan wurin mutuwa ne. Ba a tsallake igiyar da ta ɗaure. In igiya za ta gitta hanya, a tsayar da mutum a kowane ɓangare, domin ɗan acaɓa ba ya ganin waya sai ta same shi a wuya. Ranar Alhamis a hanyoyin Maigatari, har da garken shanu da raƙuma a lissafi.

Na biyar, a ja a hankali, kai tsaye gwargwadon iko. Jan gefe yana tara igiya a ɓangare ɗaya na ganga har ta fasa winci. Direba yana iya taimakawa da ƙaramar giya, amma sannu, kada mota ta zabura igiya ta saki sa'an nan ta fizge, domin fizga ita ke tsinka igiya. Kada a taɓa kuloci muddin da nauyi a kan igiya. Da mota ta hau wuri mai tauri, a ja birkin hannu, a sa waigi, a sassauta igiya, kana a kwance.

Na shida shi ne mai da igiya, kuma a nan yatsu suka fi salwanta, domin kowa ya saki jiki yana murna. Mai riƙe igiya ya tsaya nesa da baki, ya riƙa tafiya da ita yana sake kamu, kada ya bar ta tana zamewa a tafinsa. In saura kamar mita 2, ya riƙe ƙyallen da ke jikin ƙugiya, kada ya sa yatsa a cikinta. Madanni ya kasance a hannun mai riƙe igiyar, ko a hannun wanda ke ganin hannuwansa. Har wa yau akwai maganar tufafi, wadda littafin Turawa bai san da ita ba. Babbar riga, da jelar rawani, da gyale, da faffaɗan hannun kaftani, silin waya yana kama su ya ja mai su zuwa ganga. A tuɓe, a naɗe hannun riga, a cire zobe da agogo. In an gama a cire madanni a ajiye a cikin mota, kada yaro ya same shi.

8. Kula da winci

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Winci yakan yi wata shida ba a taɓa shi ba, ranar da aka neme shi kuwa ranar wuya ce. Saboda haka a ba shi ranarsa sau ɗaya a wata. A warware igiya duka, a bi ta da ido da safar hannu. Wayar da ta lanƙwashe ta karye, ko ta baje, ko tufkarta ta buɗe, ko sili ya kakkarye, ko tsatsa ta ci, canja ta ake yi. Ba a ƙulla ta, ba a kai ta wurin mai walda. A shafa wa lafiyayya mai marar kauri kaɗan, domin giris mai yawa rairayi yake tarawa. Ta zare a wanke ta da ruwa da sabulu marar ƙarfi, a shanya a inuwa. A kunna injin ya yi 'yan mintoci domin zafinsa ya kori laima.

A mai da igiya da nauyi a kanta, layi kusa da layi. Sabuwar igiya ma haka ake fara yi mata: a ɗaura a madogara, a jawo motar a fili da ɗan birki, nauyin kamar kilo 450. In naɗin ƙasa ya yi sako-sako, na sama yakan nutse a cikinsa ya murƙushe shi.

A duba kan batir da duk inda waya ta haɗu, a kankare farin gari, a ɗaure. A duba inda babbar wayar wuta ke gogar ƙarfe, domin in ta huje mota na iya kamawa da wuta. Makashin wuta kusa da batir yana maganin wannan. A duba kusoshi huɗu da ke riƙe da winci, waɗanda ya kamata su zama masu lamba 8.8 ko sama. Mazaunin winci lalle ya haɗu da shasi. Ƙarfen ado da aka yi wa walda a gaban mota ba ya ɗaukar tan 4. Da hunturu a rufe shi da riga saboda ƙura. Da damina, in ya nutse a ruwa ko taɓo, a wanke, a bar shi ya bushe, a kai wa makaniki ya duba giya da birki.

9. Hakkin ofis

A ƙarshe ina magana da manyan ma'aikata. Ku ne ke sa hannu a takardar saye, ku ne kuma ke tura mota daji. Wajibi ne a sayi winci daidai da nauyin mota tare da kayan aikinsa, a koya wa direba da hannu a fili kafin ranar buƙata, a buɗe shafi a littafin mota inda za a rubuta ranar da aka duba shi, a kuma sa akwatin taimakon farko. Wanda waya mai tsatsa ta yanka, a wanke ciwon a ɗaure, a kai shi asibiti domin allurar sandarewar haƙora. Bugu da ƙari, direban da ya ce igiya ta lalace ba zai ja da ita ba, yabo ya cancanta. Kuɗin sabuwar igiya bai kai kuɗin jinyar ƙafa ɗaya ba.

Kammalawa

A taƙaice, winci yana ba mutum ɗaya ƙarfin ƙarti masu yawa, amma wannan ƙarfi duk a cikin igiya mai kaurin ɗan yatsa yake taruwa. Wanda ya yi lissafin nauyi, ya zaɓi madogara ta ƙwarai, ya nisanta jama'a, ya ja sannu, ya kuma duba kayansa kowane wata, zai fitar da motarsa ya isa inda aka aike shi. Ga ɗalibanmu na Hausa kuma akwai aiki: ku je tashar mota a Gumel da garejin makanikai, ku ji sunayen da masu sana'a ke kiran waɗannan kaya da su, ku gyara waɗanda na kawo in nasu sun fi, domin a sami ɗan littafin da direba zai karanta ya gane.

 Allah ya kiyaye hanya.